Zobe a Idon Yaya Mutari

Mu 'yan Birni ne, cikin Damagaram, gidan maƙeran fari. Ba ma ƙera fartanya ko gatari. Aikinmu jan ƙarfe ne: munduwa, zobba, ƙarau na ƙafar amare. Sunana Lawali. Yayana Mutari shi ne ɗan fari a ɗakinmu, shi ya gaji hannun mahaifinmu, ni kuwa zuga nake yi masa. Tsakanina da shi akwai Zainabu, wadda ta rasu tana budurwa. Idonta ya yi ruwan ɗorawa, cikinta ya kumbura, kafin a yanke gero an kai ta makwancinta. Aka ce shawara ce, aka ba mu haƙuri.

A shekarun nan Nasaran Faransa sun riga sun zauna da gindinsu a ƙasarmu. Gardi, dogaran Nasara, na bi gida-gida suna kwasar samari aikin hanya da dakon kayan kumandan, ga lanho, harajinsu ke nan, ba ya jiran kowa. Kasuwarmu kuma ta mutu tun da ayarin arewa ya daina zuwa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana jakar fata guda, cikinta guduma da awartaki da magagari da tsinkayen zane waɗanda shi ma gadonsu ya yi. Ita muka rataya, muka bi wasu fatake Kanawa da suka gama cin kasuwa za su gida, muka tsallaka ƙasar Ingilishi.

A Kano wani dattijon maƙeri, Malam Bala, ya karɓe mu a rumfarsa. Da farko bai yarda da mu ba. Ya miƙa wa Yaya wata munduwa sumul wadda ba a taɓa ba, ya ce ya nuna masa abin da 'yan Faransa suka iya. Haka Kanawa ke kiranmu, kamar mu muka gayyato su. Yaya ya karɓi munduwar. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya yi mata zanen gidanmu. Malam Bala ya jujjuya ta a rana, ya ce mu shigo da kayanmu.

Mun yi rani guda cikin rufin asiri. Abin ya fara ne wata hantsi, ina zuga, Yaya na zanen ƙarau. Na ga tsinken ya zame ya yi tsagi inda bai kamata ba. Tun da nake ban taɓa ganin hannunsa ya zame ba. Ya ajiye, ya matse hannun a cinya, ya sake ɗauka. Yatsun na rawa.

"Yaya, sanyi kake ji?"

"Zuga wutarka," in ji shi.

Rawar ba ta tafi ba. In hannun na kwance, lafiya lau. Da ya miƙa shi zai kama wani abu, sai ya ɗauki kaɗawa. Daga baya ta hau har kafaɗa, in ya ɗaga hannuwan biyu sai ka ce tsuntsu ne ke son tashi an riƙe masa ƙafa. Mun sha rubutu, mun yi turare. Wata mai bori a bayan ganuwa ta ce iskokin maƙera ne, an taka ɗansu a toka. Muka yi abin da ta ce, ba mu ga komai ba. Malam Bala ya yi kawaici iyakar ƙarfinsa, har ranar da Yaya ya ɓarar da narkakken ƙarfe kusa da ƙafar wani mai saye.

"Ɗan Damagaram, ni ban ƙi ka ba," ya ce, yana kallon ƙasa. "Amma ƙarfen mutane ne, ƙafar ma ta mutane ce."

Ya ce ni in zauna. Na ce tare muka zo.

A lokacin ne muka haɗu da Tanko, wani mai safarar kanwa da goro tsakanin Kano da Ikko. Mutum mai fara'a, mai yawan ambaton Allah. Ya ce a Ikko ana neman maƙeran fari kamar a yi yaya, kuma akwai gidan lokotoro, wato asibiti, babba a bakin teku inda Turawa ke warkar da abin da ya gagari kowa. Ya ce zai ɗauke mu a jirgin ƙasa, mu dai mu tsare masa buhunan kanwarsa a hanya. Na dubi Yaya, Yaya ya gyaɗa kai.

Cikin jirgin nan na fara lura da fuskarsa. Muna zaune kan buhuna, hayaƙi na shigowa, sai na ga bakinsa a buɗe, leɓɓan sun ja baya, haƙora a waje, kamar wanda aka ba wa labarin dariya. Na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce ba komai. Na sake duba shi bayan mun ƙetare Kwara, murmushin na nan inda na bar shi, yawu na bin gefen bakin. Wata mata da ke gabanmu ta janye 'yarta ta rufe mata fuska da mayafi. Na sa hannun rigata na goge masa, ya kau da kai.

Ƙasa ta yi ta canjawa. Gero ya ƙare, itatuwa suka rufe sama. Mu da muka saba ka hau dutse a bayan Birni ka hango rairayi iyakar ganinka, sai ga mu inda ido ba ya wuce tsawon igiyar guga.

Da muka sauka Ikko, Tanko ya ce mu bar jakarmu cikin kayansa, 'yan dako su kai masauki gaba ɗaya, mu jira shi gindin wani bango ya je ya dawo. Muka jira har inuwa ta juya. Na zagaya tashar, na tambayi duk wanda na ji yana Hausa. Wani mai sayar da tabarmi ya dube ni da tausayi ya ce ba mu ne na farko ba. Ni abin da ya fi ci mini rai, Yaya na tsaye kusa da ni ana gaya mana kayan ubanmu sun tafi, fuskarsa na ta murmushi.

Wani mai masauki Bahaushe ya bar mu muka raɓa a zaurensa. Ba a daɗe ba sauran baƙi suka ce ba za su ci abinci kusa da mai dalalar yawu ba, wasu suka ce mahaukaci ne, wani ma ya ce giya yake sha a ɓoye. Aka mai da mu wata rumfa a bayan gida inda ake ɗaure awaki. Ruwan sama a garin nan ba ya da lokaci. Tabarmarmu ba ta taɓa bushewa ba. Na shiga dako a bakin jirgin ruwa, ina ɗaukar buhunan da ban san abin da ke cikinsu ba, ana yi mini tsawa da harshen da ba na ji. Doya da manja suka ƙi zama a cikina. Na kan tsaya da kaya a kai in tuna furar Inna, wadda take damawa da nonon da 'yan uwanta ke kawowa daga Gaffati, sai wani ya bangaje ni in tuna inda nake. Na kai Yaya gidan lokotoron da Tanko ya faɗa, ashe shi dai akwai shi. Mai gadi ya dubi Yaya ya ce ba nan ake kawo mahaukata ba.

Ba mahaukaci ba ne. Wannan nake so duk mai jin labarin nan ya riƙe. Hankalinsa na nan cif. Harshe ne ya yi masa nauyi, magana ta koma kamar mai tauna garwashi, ni kaɗai ke gane ta, ni ma sai na kasa kunne. Tafiya ta koma ta mai ɗaure da igiya. Amma ya san ranar Juma'a ba a gaya masa ba, yana tuna mini surorin da na manta.

In zan fita, ina zaunar da shi kusa da wata Bayarabiya mai sayar da koko da ƙosai a bakin hanya. Kowa Iya yake ce mata, mu ma muka bi. Ba ta jin Hausa, ba ma jin Yarabanci. Ranar farko na dawo na tarar ya ɓarar da kokon duk a rigarsa. Rana ta biyu na tarar da ita durƙushe gabansa, ta bar masu saye a tsaye, tana ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan, tana jira ya haɗiye, tana yi masa faɗa da harshensu kamar yadda ake yi wa ɗan cikinka. Haka ta yi ta yi kullum. Ban san sunanta na gaskiya ba har yau.

Halinsa ma ya canja. Yaya mutum ne da ko ƙanƙanin yaro bai taɓa ɗaga wa murya ba. Wata rana da azahar ina wanke masa ƙafa, na ce masa ya daure ya ɗaga, sai ya ɗauki ƙwaryar ruwan ya kwaɗa mini a goshi. Jini ya zubo. Na miƙe da fushi, na ɗaga kai zan yi magana, sai na ga hawaye na zuba daga idanunsa suna gangarowa cikin bakin nan mai dariya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Ba... ni... ba ne."

"Na sani, Yaya."

Na koma na durƙusa na ƙarasa wanke ƙafar. Wannan fuskar ita ce ba ta bar ni ba. Na tsufa yanzu, jikoki sun cika mini gida, amma in wani ya yi dariya ya daɗe bai rufe baki ba, sai in ji gabana ya faɗi.

Murmushin nan shi ya jawo abin da ya kai mu gaban lokotoro. Wani ɗan sanda ya zo korar masu zama a bakin hanya saboda wani babba zai wuce. Kowa ya watse, Yaya ya kasa tashi da sauri. Ɗan sandan ya daka masa tsawa, ya ga mutum na yi masa dariya, ya kwashe shi da mari. Ina dawowa na tarar da taro, Iya ta ci ɗamara ta tsaya tsakaninsu tana zazzaga masa abin da ban ji ba amma na gane. Yaya na ƙasa. Da na ɗago shi sai ya yi amai, jini ne baƙi, mai yawa. Ɗan sandan da kansa ya tsorata, ya tsai da wani mai amalanke, aka ɗora shi. Da rigar ɗan sanda a gabanmu, mai gadin gidan lokotoro ya buɗe mana ƙofa.

Ya yi kwanaki a can, jinin ya tsaya. Akwai wani tsohon soja Bakatsine da ke aiki a ɗakin, shi ke yi mana tafinta. Wata safiya lokotoron, wani Bature siriri mai furfura a gefen kunne, ya sa Yaya ya miƙa hannuwa, ya kalli yadda suke kaɗawa. Ya danna masa ciki ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ya daɗe a wurin. Sai ya sa aka kai shi bakin taga. Ya karkata masa fuska yadda haske zai shiga idon ta gefe, ya fito da wani ɗan madubi mai ƙara girman abu ya duba. Ya aika aka kira wani Bature, shi ma ya duba, suka yi ta magana ƙasa-ƙasa.

Daga nan ya yafito ni, ya ba ni madubin. A bakin baƙin idon Yaya, daidai inda ya haɗu da farin, akwai zobe kewaye, siriri, ja-ja mai sirkin kore. In ba an karkata fuskar ga haske ba, ba za ka gan shi ba. Na san launin nan tun ina rarrafe. Launin munduwa ce da ta kwana biyu a wuri mai laima.

Tafinta ya ce, "Ya ce ya karanta labarin wannan ciwo, bai taɓa ganinsa da ido ba sai yau. Ya ce daga hanta yake farawa. Hantar ta ƙanƙance ta yi tauri, daga nan abin ya hau kai, ya kama wurin da ke riƙe da hannu da harshe. Ya ce a ƙasarsu an duba hantar wasu da suka mutu da shi, an tarar jan ƙarfe ya taru a ciki fiye da ƙima. Wasu na zaton shi ne wannan da ka gani a idon."

Na ce, "Baba, gaya masa mu maƙeran jan ƙarfe ne kaka da kakanni. Sana'ar ce ta kama shi?"

Baturen ya saurara, ya girgiza kai. Tafinta ya ce waɗanda lokotoron ya karanta labarinsu ba su taɓa zuwa kusa da maƙera ba. Abin da aka lura, yakan faɗa wa 'ya'yan ɗaki ɗaya, wani ya kamu wani ya tsira. Ya tambaya ko mun taɓa rasa wani. Na ba shi labarin Zainabu. Ya tambaya ko iyayenmu 'yan uwa ne. Na ce 'ya'yan wa da ƙani ne, kamar yadda aka saba a gidanmu. Baturen ya matso kusa da ni. Ya kama haɓata, ya juya ni wajen taga.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ina jin numfashinsa a fuskata, ina jin gadon Yaya na ƙara saboda rawar hannunsa.

"Ya ce bai ga komai ba," in ji tafinta. "Amma ya ce ba zai ɗaukar maka alkawarin gobe ba."

"Maganin fa?"

Wannan ba sai an fassara mini ba. Baturen ya buɗe tafin hannuwansa biyu. Ya ce dai in na yarda in bar Yaya a wurinsu, za su ci da shi, su kula da shi har iyakar kwanansa. Da ya juya baya, tsohon sojan ya matso yana gyara bargo, ya ce da ni a hankali, "Gaskiya ya faɗa, za su kula da shi. Amma in ya cika a nan, sai sun buɗe shi sun ga hantar. Ni dai na gaya maka, ɗana."

Na durƙusa kusa da gadon. Na ce, "Yaya, ka ji duk abin da aka ce. Nan akwai gado da abinci. Hanya kuwa ka san ta. Me kake so?"

Ya yi ta fama, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Kalma ɗaya ta fito.

"Birni."

Wani mai fataucin shanu da ya sayar da dabbobinsa zai koma Kano ya ji labarinmu a masallaci, ya ce mu bi shi. Iya ta raka mu har tasha da ƙunshin ƙosai a ganye, ko da yake ta san ba ya iya taunawa. Ta dafa kansa ta yi maganganu masu tsawo. Na ce amin.

Daga Kano na samu masu jakuna da za su arewa ɗaukar kanwa. Suka ba mu jaki guda, na ɗaure Yaya a kai da rawanina, ina tafe ina tallafe da shi. Cikinsa ya kumbura, idon ya yi ɗorawa irin na Zainabu. Haɗiya ta gagara. Sai in jiƙa tsumma a ruwan fura in matsa masa a baki. Amma da muka wuce Daura, ƙasa ta buɗe, rairayi ya fara, na ga yana bin gonakin gero da ido. Na riƙa faɗa masa sunayen garuruwan da suka rage.

Bai kai ba. A wani ƙauye kafin mu shiga ƙasar Faransa, da hantsi, muka sauke shi gindin wata tsamiya ya huta. Ya yi barci mai nauyi irin wanda ya riƙa yi a kwanakin nan, na ɗora kansa a cinyata. Can na lura hannun ya daina motsi. Masu jakunan suka tsaya, ba su bar ni ba. Mutanen ƙauyen da ba su san mu ba suka kawo ruwa da likkafani, suka haƙa kabari.

Wajen wanka ne na ga abin da ban zata ba. Bakin ya rufe. Leɓɓan sun koma wurinsu, goshin ya saki. Fuskar yayana ce ta dā, wadda yake sunkuyar da ita kan aiki, wadda na ɗauka na manta kamanninta. Tsohon da ke zuba ruwa, wanda ya gan shi sa'ad da muka iso, ya tsaya da buta a hannu ya ce, "Allah sarki. Ashe kyakkyawan mutum ne."

Na shiga Birni da la'asar, ni kaɗai, ba jaka ba rawani. Inna na tsakar gida tana kaɗi. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta ajiye mazarin. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Na durƙusa zan fara magana, sai ta miƙe ta kama hannuna ta ja ni inda rana ke faɗowa ta kan katanga. Ta riƙe haɓata, ta karkata mini fuska, ta duba idon dama, ta duba na hagu. Ban gaya wa kowa labarin lokotoro ba tukuna.

Da ta sake ni na ce, "Inna, dama kin sani?"

"Na ga zoben a idon Zainabu ina sa mata kwalli," ta ce. "Na gan shi a idon yayanka ranar da kuka zo yi mini sallama."

"Kika bar mu muka tafi?"

"Nan na gwada duk abin da na sani a kan Zainabu. Na ce ko can akwai waɗanda suka san ciwon." Ta dube ni. "Sun san shi?"

"Sun san shi, Inna. Ba su da maganinsa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta zauna a kan rairayin, ta tambaye ni ko an samu masu yi masa salla. Na ce ƙauye guda ne suka fito. Sai a nan ta ja mayafi ta rufe fuskarta.